Neman kalma: 'yar wuƙar nan mai almakashi da zarto a ciki, me za mu kira ta?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai rahoto na minti huɗu da zan miƙa kafin la'asar, za a karanta shi a shirin daren yau. A kan Victorinox ne, kamfanin Suwizalan mai ƙera jajayen wuƙaƙen aljihu. A 2024 shugabansa ya ce suna aikin fitar da samfurin da babu ruwan wuƙa a cikinsa, saboda dokokin hana yawo da wuƙa sun tsananta a ƙasashe da dama. Kalmar "multi-tool" ta cika rubutun. Na fara sa "wuƙar aljihu", sai na iso jimlar da za ta zama "wuƙar aljihu marar wuƙa". Ina neman abin da mai sauraro zai gane a ji ɗaya.

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. A kasuwa "wuƙar Suwis" ake cewa, ko "mai almakashi". Sa wuƙar Suwis ki wuce, Hajiya.

Injiniya:
Wuƙar Suwis ba ta ɗauke duka ba, don gida biyu ne. Gida na farko jikinsa jikin wuƙa ne: ƙota mai ɓari biyu, kayan suna naɗe a tsakani jeri-jeri, kowane jeri da sifirin ɗinsa a baya. Nan Victorinox take, da kamfanin Wenger da ta saye a 2005. Gida na biyu jikinsa filaya ne, ƙafafun filayar su ne ƙota, wuƙa da sauran kaya suna ɓoye a cikinsu. Wannan na Leatherman ne, kamfanin Amurka da ya fara sayarwa a 1983 a birnin Fotlan. In kika kira Leatherman wuƙar Suwis kin yi kuskure biyu, ba wuƙa ce uwar jikinta ba, ba kuma a Suwizalan aka ƙera ta ba.

Malam Nahawu:
Ba ma sai an je da nisa ba. Bahaushe yana da abin da ke tara ƙananan kayan aiki masu kaifi wuri guda: zabira. Aska, ƙaho, 'yar tsaga, duk a ciki. Na ba ku ZABIRAR ALJIHU. Jinsinta mace, jam'i zabirorin aljihu, tana karɓar mallaka ba gardama: zabirar aljihunsa. Babu wuƙa a cikin sunan, matsalar Hajiya ta kau.

Gwaggon Yara:
Malam, zabira jaka ce. A buɗe ta, a zaro aska, a ajiye jakar gefe. Wannan kuwa kayan a manne suke da jikinta, ƙusoshi sun ratsa su. Tsinken sakace da hantsaki kaɗai ake zarewa. Mai sauraro zai ɗauka 'yar jakar fata ake nufi.

Na Maraɗi:
Ni matsefata ta zo mini. Wadda masu tafiya a ƙasa da makiyaya ke ratayawa don cire ƙaya, hantsaki da ɗan tsinke da 'yar aska a haɗe. Ai ita ce kakar wannan. Ƙaramar Victorinox mai tsawon milimita 58, wadda suke kira Classic, kusan kayan ke nan: 'yar wuƙa, almakashi, magagarin farce mai bakin turnabis, hantsaki, tsinken sakace, da zoben maƙala makulli. Giram 21 ce kacal. Matsefatar zamani.

Ɗan Kurmi:
Turnabis kuma? Sukundireba dai.

Na Maraɗi:
Kai ka aro daga Ingilishi, ni na aro daga Faransanci, wa ya fi wani? Kuma rediyon nan ba a Kano kaɗai ake kama ta ba.

Malam Nahawu:
To kun gani. Sukundireba, turnabis, filaya, sifirin. Kowace jimla sai mun yi bara. Shi ya sa na ce zabira. Su kansu masu abin ba su yi bara ba: Karl Elsener, wanda ya kafa Victorinox, da ya yi wa tasa rajista a 1897 da Jamusanci ya raɗa mata suna, wuƙar hafsoshi da wasanni. Sojojin Amurka ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu harshensu ya kasa kalmar, suka ce wuƙar sojan Suwis. Kowa da harshensa ya kira ta, mu ne za mu ce "maltitul"?

Gwaggon Yara:
Babu wanda ya kawo maltitul a nan, Malam. Kai ka fara faɗinta. Sannan almakashi da kake furtawa hankali kwance daga Larabci muka samo shi.

Malam Nahawu:
Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ba ɗaya suke da na jiya ba.

Injiniya:
A bar wannan tukuna. Hajiya, akwai abin da ya fi sunan haɗari a rahoton, wato bambancin wadda ruwanta ke kullewa da wadda ba ya kullewa, don a kansa dokar take. Wuƙaƙen Victorinox masu tsawon milimita 58, 84 da 91 ba su da makulli. Sifirin ɗin baya ne yake danna gindin ruwan ya riƙe shi a buɗe, shi ne ƙarar "ƙas" da ake ji. In aka yanka da kaifi, ƙarfin yana tura ruwan ya ƙara buɗewa, lafiya lau. In aka soka tsini a abu mai tauri aka danna, ko aka yi yunƙurin huda da shi, ƙarfin ya koma bayan ruwan, sai ya naɗe a kan yatsu. Ta nan ake jin rauni da ita. Huda aikin basillar da ke bayan ƙota ne, ita ma murza ta ake yi, ba a dukanta. Manyan masu milimita 111 su ne ke da makulli, sai an ture wani ɗan ƙarfe kafin ruwan ya koma.

A Ingila dokar 1988 ta bar mutum ya ɗauki mai naɗewa in kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma kotunansu sun ce mai makulli ba ta shiga wannan rangwame ba. Don haka kada ki ce "mai rufewa", don rufewa na iya nufin naɗewa, na iya nufin kullewa. Ki ce "mai naɗewa" da "mai makulli".

Mai Fassara:
Madalla, Injiniya, na ɗauki waɗannan biyu. Ruwan wuƙa fa, matasa za su gane? Wani a ofis ya ce in sa "bakin wuƙa".

Gwaggon Yara:
Ruwa shi ne ƙarfen gaba ɗaya daga ƙota zuwa tsini. Baki ko kaifi gefen da ke yanka ne. Kamfanin ruwan zai cire ɗungurungum, ba dasashe bakin zai yi ba. Bar shi a ruwa, jimlar za ta fassara kanta.

Bakanike:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ban ga wanda ya ce komai-da-ruwanka ba. Shi ne abin da kowa zai faɗa in ka miƙa masa ita ya bubbuɗe. Ya hau kan mai jikin wuƙa, ya hau kan mai jikin filaya, ya hau kan wadda za a yi ba wuƙa.

Ya kuma faɗi gaskiyarta, don tana taɓa kowane aiki amma ba ta gwanance a ko ɗaya ba. Mabuɗin kwalba bakinsa sukundireba ne mai faɗin kusan milimita 6, da 'yar tsaga a gindi ta feɗe waya. Mabuɗin gwangwani bakinsa ƙarami ne, kusan milimita 3, yana shiga har wasu sukurori masu tauraro. Sun isa ɗaure hannun tukunya, murfin soket, madubin babur. Amma ka sa su a sukurun da ya yi tsatsa ka murɗa da ƙarfi, ƙusar da ta riƙe kayan ce za ta saki, daga nan ruwan ya fara lilo hagu da dama, ba ya komawa daidai. Kuma ƙotar ba ta da rufin kariya daga wuta, ƙarfe ne a ciki tun daga baki har gindi. A kashe layi kafin a taɓa waya da ita.

Malam Nahawu:
Komai-da-ruwanka siffa ce ta mutum mai shisshigi, har mota ana kira da ita. Ba suna ba ne. Ina jam'inta? Komai-da-ruwankoki? Mallaka fa, komai-da-ruwankansa? Sannan wuƙa mace ce, sai dai ku ce komai-da-ruwanki.

Gwaggon Yara:
Harɗaɗɗiyar kalma daskarewa take yi, Malam, ka fi ni sani. Wayar hannu mace ce, mun ce tafi-da-gidanka, ba wanda ya ce gidanki. Jam'i kuwa a kan sunan da ke gaba yake sauka: wuƙaƙe komai-da-ruwanka, kayan aiki komai-da-ruwanka.

Malam Nahawu:
Tafi-da-gidanka ɗin yau ina take? Kowa "waya" yake cewa. Doguwar kalma ba ta rayuwa. Zabira gaɓa uku ce.

Ɗan Kurmi:
Zabirar aljihu gaɓa shida ce, ranka ya daɗe. Na ƙirga.

Malam Nahawu:
Wanda aikinsa ƙirga canji ne ba zai koya mini ƙirga gaɓa ba. Matsalar kafofin yaɗa labarai ke nan, kalmar kasuwa ake ɗauka a bar ta masana, shekara goma sai a ce haka Hausa take.

Ɗan Kurmi:
Allah ya huci zuciyar Malam. Amma wanda zai zo saye ba daga aji zai fito ba. Ya ce mini zabira, layin masu fata zan nuna masa.

Na Maraɗi:
Matsefata dai har yanzu ba wanda ya kushe ta.

Injiniya:
Ta dace da 'yar ƙaramar kaɗai. Leatherman Wave giram 241 ce, a kube ake rataya ta a ɗamara. Ba mai kiran wannan matsefata.

Nauyin nan ma ya kamata ya shiga rahoton, don shi ke raba wadda ake yawo da ita da wadda ke kwana a durowa. A wuƙaƙen Victorinox masu milimita 91, Spartan jeri biyu ce, giram 59: ruwa babba da ƙarami, mabuɗai biyu, basilla, da murɗaɗɗen ƙarfen zare toshiyar kwalba. Ƙara jerin almakashi ta zama Climber, giram 82. Ƙara zarto ta zama Huntsman, giram 97. SwissChamp jeri takwas ce, giram 185, aljihun kaftani ba ya ɗaukarta sai ya zazzago. Jeri biyu zuwa uku shi ne na kullum. Kuma adadin "ayyuka" da suke bugawa a kwali, kamar 33 na SwissChamp, har da zoben makulli da tsinken sakace suke ƙirgawa, kada ki fassara shi da "wuƙaƙe 33".

Bakanike:
Shi murɗaɗɗen ƙarfen, wanda ba ruwansa da kwalbar giya yana kwance ƙullin igiya da ya cije da shi. Ko ya nemi samfurin Tinker, an sa sukundireba mai tauraro a gurbinsa.

In akwai sarari a ƙarshen shirin, a faɗa wa mutane gyaranta, don ƙurar hunturu da zaren aljihu ke kashe ta. Ta fara tauri har farce na karyewa wajen buɗewa, a sa ta a ruwan ɗumi, a yi ta buɗewa da naɗewa har dattin ya fita, a shanya ta a buɗe ta bushe sarai, sannan ɗigo ɗaya na mai a kowace mahaɗa. Man keken ɗinki ya yi, sai dai in ana yanka abin ci da ita a goge ruwan tas. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura. Wasi a dutse mai laushi, a kwantar da ruwan kamar digiri 20 kowane gefe. Kada a kai ta injin wasi, ƙarfen siriri ne, zafi na kashe taurinsa, dutsen kuma ya cinye shi. Sifirin ɗin almakashi shi ne ke fara karyewa, ana sayar da shi daban a sauya.

Ɗan Kurmi:
A ƙara da jabu. Ta gaske akwai sunan kamfani a buge a gindin babban ruwan, kowane abu yana buɗewa da ƙara ya tsaya cak. Jabu ruwanta na lilo tun tana sabuwa, almakashinta yana tauna takarda maimakon ya yanka. Sannan mai hawa jirgin sama ya sa ta a jakar da za a auna, in tana jakar hannu za a iya karɓe ta a wurin bincike.

Mai Fassara:
Minti huɗu ne fa, jama'a, ba awa ba. Ga abin da na rubuta: "Kamfanin Victorinox mai ƙera wuƙar Suwis, wato 'yar wuƙar aljihun nan mai naɗewa da ke ɗauke da almakashi da mabuɗin kwalba, ya ce zai fitar da wani samfurin komai-da-ruwanka wanda babu ruwan wuƙa a cikinsa." Daga nan wuƙar Suwis in ana maganar tasu, komai-da-ruwanka in ana maganar dangin duka.

Gwaggon Yara:
Ya karantu. Cire "wani", jimlar za ta fi sauƙi a baki.

Na Maraɗi:
Na haƙura da matsefata, amma in an zo kan 'yar ƙaramar a ambace ta ko sau ɗaya.

Malam Nahawu:
Kalma uku aka jera inda ɗaya ta isa, wannan bayani ne, ba suna ba. Na bari saboda lokaci ya ƙure miki, Hajiya, ba don an kayar da hujjata ba. Zabirar aljihu zan ci gaba da koyarwa. Kuma a sa karan ɗori a komai-da-ruwanka, kada a rubuta ta a warwatse.

Mai Fassara:
Rediyo ce, Malam, ba a jin karan ɗori. Amma na sa. Saura "stainless steel", tana sakin layi na uku. Ƙarfe marar tsatsa?

Injiniya:
Mai jure tsatsa. Bar shi da ruwan lemon tsami ko gishiri a mahaɗa kwana biyu ki gani.

Malam Nahawu:
Wannan ma akwai magana a kai.

Mai Fassara:
Sai gobe, Malam. Na tura.