Wai tsakanin Mitoma da Kagawa wa ya fi suna?

Ɗan gidan kallo:
Salam 'yan uwa, jiya gardama ta kaure mana a gidan kallo, wani yaro ya dage wai Mitoma ne ɗan ƙwallon Japan da ya fi kowa suna, ni kuma na ce Kagawa. Don Allah ku raba mana.

Masoyin United:
Kagawa mana, ba tantama. Mutumin da ya ci kofin Bundesliga sau biyu da Dortmund, 2011 da 2012, ya zo United ya ɗauki Firimiya a 2013, ya kuma zuba wa Norwich uku rigis a wasa ɗaya, me Mitoma ya ɗauka a Brighton?

Ɗan Fagge:
Yallaɓai ai suna daban kofi daban. Yaran yanzu Mitoma suka sani, tun ƙwallon nan da ya ƙwato a bakin layi a wasan Japan da Sifaniya a gasar kofin duniya ta Qatar 2022, Tanaka ya ci, Jamus ta koma gida, duk duniya sai da ta yi ta kallon hoton, kuma wallahi in ya riƙe ƙwallo a gefen hagu ɗan baya sai addu'a.

Baba Tsoho:
Yara kun manta da Nakata, ya ci Serie A da Roma a 2001. Amma ni Honda nake zaɓa, a gasar kofin duniya ya zura wa Kamaru ƙwallo a 2010, Kwadebuwa a 2014, Senegal a 2018, mu 'yan Afirka ai mun san shi sosai.

Ɗan gidan kallo:
Gaskiya Baba, Honda ya sha mana kai, har lamba 10 ya saka a AC Milan.