Ƙwai uku suka rage mani a Abuja, nawa zan ce a dasa?

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba, maganar ba kowa ya sani ba ko a dangi.

Ni ƴar Maradi ce, shekarata 33, aurena shekara tara ban taɓa ko ɓatan wata ba. Hoton mahaifa ya nuna hanyoyin ƙwaina duka biyu a toshe, maigida kuwa lafiyarsa lau. Bara na sayar da filina na Ali Ɗan Sofo da sarƙar zinariyar da na gada, muka tafi Abuja aka yi mana dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a asibiti sannan a dasa shi cikin mahaifa. Cikin waɗanda aka haɗa, huɗu suka kai kwana biyar. An dasa ɗaya, Allah bai nufa ba. Ukun suna can a daskare, bayan Sallah za mu koma.

Likita ta ce ɗaya take so, amma ta bar mana zaɓi. Maigida ya kafe a kan biyu. Hujjarsa ba ta banza ba ce: daga Ɗan Issa zuwa Jibiya, Katsina, har Abuja, ga canjin naira, ga masauki, ga magani, kuma babu filin da ya rage. Ya ce in duka suka kama, ai ƴan biyu ƙaruwa ce. Ni ma na kan kwana ina kwatanta kaina da goyon biyu. Amma tun da na ga fuskar likitar, zuciyata ta kasa kwanciya. Don Allah wadda ta bi ta wannan hanya ta faɗa mani gaskiya.

Maman ƴan biyu, Tasawa
Ƙanwata, ni biyu aka dasa mani kuma duka suka kama. Ranar da eko, wato hoton ciki, ya nuna kai biyu har rago muka yanka. Wata na shida ƙafafuna suka kumbura, jinina ya hau, kaina kamar ya rabe. Wata bakwai da ƴan kwanaki aka yi mani aiki cikin dare don gudun jijjiga. Hassana ta kwashe kwana talatin da biyar a kwalba, Usaina kwananta tara ta koma. Kuɗin da muka ce muna tsimi na tafiya ta biyu, ninkinsa muka kashe. Na san kwananta ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma da za a maido ni ɗakin likitan nan, ɗaya zan ce.

Wata yaya, unguwar Zariya
Kada a tsorata ta da yawa. Ni ina da 41 aka ɗebi ƙwaina, sau biyu ana dasa ɗaya ba ya zama. Karo na uku likita da kansa ya ce biyu, ɗaya ya kama, ga shi nan yana rarrafe.

Ungozoma, Maradi
Yaya, Allah ya raya shi, amma lissafinki daban da nata. Abin da ake dubawa shi ne shekarun mace ranar da aka ɗebi ƙwan. Ƙwan ƴar arba'in da yawa ba ya kamawa, shi ya sa ake yarda da biyu. Ita tana 32 aka ɗebi nata, sun kai kwana biyar, kuma matsalarta hanya ce, ba mahaifa ba. Irinta ce biyu kan kama tare.

Ƴar'uwa, ki karanta wa maigida wannan. A 2004 an buga wani bincike da likitocin Suwidin suka jagoranta kan mata 661 ƴan ƙasa da shekara 36. Rabi an dasa masu biyu lokaci guda. Rabi an dasa ɗaya, in bai kama ba a narkar da wani a dasa. Na farko kusan 43 cikin 100 suka haihu, na biyu kusan 39. Amma cikin haihuwar masu biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku ƴan biyu ne, su kuwa masu ɗaya ɗaya ba su kai ko 1 cikin 100 ba. Wato ƙwai biyun nan dai su ne, ko tare ko a jere, abin da ke sauyawa sosai shi ne haɗarin.

Haɗarin kuwa ni nake karɓarsa a ɗakin haihuwa. Fiye da rabin ƴan biyu kan zo kafin sati 37. Hawan jini, ciwon suga na ciki, ƙarancin jini, zubar jini bayan haihuwa, duk sun fi yawa. Kuma ki tuna Abuja za a dasa, amma a Maradi za ki yi naƙuda. Muna iya ƙoƙarinmu, sai dai na sha ganin dangi suna zagaya gari tsakar dare neman jini, na ga bakwaini ya zo an rasa kwalbar da ba kowa ciki. Ko ɗayan ma yakan rabe ya zama biyu, ba kasafai ba. To in an dasa biyu ɗaya ya rabe, uku ke nan.

Malamar Islamiyya, Tibiri
Ɗiyata, ta fuskar addini ba ki da laifi ko wanne kika zaɓa. Tun 1980 Sheikh Jadul Haƙƙ na Masar ya ba da fatawar halascin dashen, muddin ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma igiyar aure na nan. Abin da nake so ki hango shi ne: in ciki ya zo da uku likita ya ce a rage ɗaya, kin shiga matsalar da malamai suka tsananta a kanta. Ki yi istihara, kuma kada ki yanke a bayan mijinki.

Mai tambaya
Na gode, Allah ya saka. Maman ƴan biyu, na yi kuka, Allah ya sa Usaina mai ceto ce. Anti ungozoma, tsoron maigida ɗaya ne: in an bar biyun, ba za su lalace ba?

Ungozoma, Maradi
A'a. Cikin ruwan naitirojin suke, sanyin 196 ƙasa da sifiri, komi nasu a tsaye yake. An haifi yara lafiyayyu daga ƙwan da ya shekara goma da ɗoriya a ajiye, kuma da daskarwar zamani fiye da tara cikin goma kan farfaɗo. Ki tambayi asibitin kuɗin ajiya na shekara, da kuɗin dashe na biyu shi kaɗai. Ba ya kai na farko, tunda ba alluran ƙwai ba ɗiba. Ki ce su rubuto maki darajar kowane ƙwai.

Mai tambaya
Na nuna masa bayan isha'i. Ya daɗe shiru, sannan ya ce gobe mu kira likitar tare, shi zai tambayi kuɗin da bakinsa. Bai ce ya yarda ba tukuna. Ku sa mu a addu'a.