Zakka da baiko a wannan tsadar: daga ciniki ake cirewa ko daga riba?

Maman Rifkatu, Farin Gada:
Salama a cikin sunan Ubangiji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan magana take dawowa a zumuntar mata. Mai sayar da tumatir da kabeji, zakkarta, wato ɗaya bisa goma da ake kai wa ikilisiya, daga cinikin da ta yi za ta cire, ko daga riba? Wadda kuma bashi ke kanta, ga kuɗin makaranta, ta fara da wanne? Wasu masu wa'azi suna cewa ko rance ne a ci a shuka iri, wato a ba da kuɗin a ikilisiya, Allah zai ninka. Iyayenmu, ku haska mana.

Dattijo, Tudun Wada:
Mama, daga riba ne. Uwar kuɗi tamkar irin shuka ce, manomi kuwa ba ya auna zakka kafin girbi. A ce a mako kin sari kayan naira 80,000, mota da 'yan dako sun ci 6,000, leda da kuɗin rumfa 2,000. Kin kashe 88,000 ke nan. Kika sayar, bayan an zubar da wanda ya ruɓe, kika tashi da 103,000. Ribarki 15,000, ɗaya bisa goma 1,500. In kuwa daga ciniki kika cire, 10,300 za ki bayar, sama da kashi biyu cikin uku na ribar. Abin da ya rage ba zai ciyar da gida ba, dole hannu ya shiga jari, kuma cikin 'yan makonni mai saran kwando huɗu ta koma biyu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne rashin rubutu. Ki sami ƙaramin littafi, shafi ɗaya na abin da ya fita, ɗaya na abin da ya shigo, ki haɗa ranar Asabar da yamma. Kayan miyan da kika ɗiba zuwa gida ki sa musu kuɗi, riba ce kika ci. Kayan da kika bayar bashi kuma kada ki ƙirga sai kuɗin ya shigo hannu. Makon da aka faɗi babu zakka, kada zuciyarki ta kashe ki a kan haka. Bulus a 1 Korintiyawa 16:2 cewa ya yi kowa ya riƙa ajiye wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa.

Fasto, Bukuru:
Maganar rance don shuka iri tana ci mini rai ƙwarai. 'Yar'uwa, karanta 2 Korintiyawa 8:12. Ana karɓar bayarwa bisa ga abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kuɗin rance na mai shi ne. Ana yawan kawo gwauruwar nan mai anini biyu a Markus 12:41-44, amma nata ta bayar, kuma a aya ta 40, gab da labarin, Yesu ya tsawata wa masu cinye gidajen gwauraye. Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu, 1 Timoti 5:8 kuma ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba.

Ba kuma ina cewa matalauci ya rufe hannu ba. Ikilisiyoyin Makidoniya cikin tsananin talauci suka bayar. Malamai sun sha bamban a kan ko ɗaya bisa goma doka ce a Sabon Alkawari, amma 2 Korintiyawa 9:7 a fili take: abin da aka yi niyya a zuciya, ba da tilas ba. Mai bashi ta je wurin mai kuɗin, su yanka abin da za ta riƙa biya duk mako, ta cika alkawari. Sa'an nan ta tsayar da baikon da za ta iya riƙewa, ko naira 200 ne, ta ƙara idan bashin ya ragu. Dogara ga Allah bai hana shiri ba. Yusufu ya tara ɗaya bisa biyar na amfanin Masar shekara bakwai, ta nan Allah ya ciyar da mutane.

Ma'ajin zumuntar mata, Rukuba Road:
Na gode Baba Fasto. Ni inda nake so a duba shi ne abin da ake yi da baikon. Malakai 3:10 ta ce a kawo domin abinci ya kasance a gidan Allah, Maimaitawar Shari'a 14:28-29 kuma ta ambaci baƙo da maraya da gwauruwa. Sau da yawa tanadin da muke roƙo ta hannun ikilisiya yake zuwa.

A godiyar kaka kada a yi gwanjon duk hatsin da aka kawo baiko. Masara da acha a ajiye su sai tsakiyar damina, Yuli da Agusta, lokacin da mudu ya fi tsada. Amma masarar ta bushe sosai. Ku zuba 'yar kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ku girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana, in ba haka ba za ta yi fumfuna. A sa a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Dankalin Bokkos da kayan miya ba sa jira, a raba a makon.

Mutum biyu su ƙirga, su sa hannu, mabuɗin ɗakin ajiya kuma kada ya zauna wurin mutum ɗaya. Rabon a kai gida da yamma, a daina kiran sunaye a gaban jama'a, domin kunya tana hana masu ainihin bukata fitowa.

Maman Rifkatu, Farin Gada:
Allah ya saka, iyayena. Dattijo, saura kuɗin adashi. In kwasa ta zo, a cire?

Dattijo, Tudun Wada:
In daga ribar da kika riga kika cire wa zakka kike zubi, kuɗinki ne ya dawo, babu wani cirewa. In kuwa kin yi zubi kafin ki cire, to ki cire ranar kwasa.