Gilashin hular kwano mai ɗumi: a ina zan jona shi a babur ɗin ƙanƙara?

Baban Khadija, Winnipeg:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu hannu a harkar wuta. Na sayi tsohon babur ɗin ƙanƙara na hannu, Polaris Indy, wanda ba shi da batir, igiya ake ja masa kamar janareta. Da shi nake bin abokan aikina kamun kifi a kan tafkin Winnipeg, ta wajen Gimli. Damuwata hular kwano ce. In sanyi ya wuce 25 ƙasa da sifili, numfashina sai ya taru a jikin gilashin, kafin mu yi nisa ya daskare, in koma ina leƙen hanya ta wata 'yar kafa. In na ɗaga gilashin kuma iska ta riƙa yankar fuskata, hawaye na daskarewa a gashin ido. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai, don a kan tafki akwai tudun ƙanƙara da mutum ba ya gani sai ya zo kansa.

Shi ne na sayi gilashi mai ɗumi. Ya zo da waya mai filogin RCA, irin na bidiyon da, ɗaya ƙarshen kuma wayoyi biyu ne a buɗe, ja da baƙa. Takardarsa ta ce a jona a batir. To ni da ba ni da batir, ina zan sa su?

Ɗan Zariya, Thunder Bay:

Wa alaikumus salam Baban Khadija. Kwantar da hankalinka, ba ka bukatar batir. Abin da ke cikin gilashin nan ɗumama kawai yake yi in wuta ta ratsa shi, babu ruwansa da AC ce, irin ta janareta, ko DC, irin ta batir, muddin tana wajen bolt 12. Babur irin naka yana samar da AC daga kwayil ɗin inji, regileta na riƙe ta kada ta haura, wutar nan ce ke kunna fitilar gaba da ɗumin hannu, wato abin da ke ɗumama mariƙin babur. Daga nan za ka ɗiba.

A yawancin tsofaffin Polaris wayar rawaya ce mai wuta, mai ruwan ƙasa kuma ita ce ta komawa bodi. Amma don Allah kada ka dogara da launi a babur na hannu, ba ka san hannu nawa ya taɓa shi ba. Tayar da inji, ka sa mita a kan AC, ka ɗan ba shi wuta. In ka ga 12 zuwa 14, lafiya lau. In ka ga yana tashi 18 ko 20, regileta ta mutu, kuma za ta ƙone maka gilashin kamar yadda take ƙone ƙwan fitila. Gyara wannan tukuna.

Kada ka ɗibi wutar a bayan makunnin ɗumin hannu, don duk sanda ka kashe shi ko ka rage, gilashin ma ya bi shi. Ɗibi ta gabansa. Sannan ka sa fis na amp 3 a kan jar wayar, kusa da inda ka jona. Gilashin ba ya cin wuta sosai, tsakanin amp 1 da 2 ne. In inji yana silo za ka ji ɗumin ya ragu, wannan ba matsala ba ce.

Maman Sadiq, Duluth:

Malam, ƙari a kan abin da Ɗan Zariya ya faɗa: filogin da zai zauna a jikin babur ya zama mai rami, ba mai tsinke ba. In mai tsinken ne ke ɗauke da wuta, da ka sauka ka cire shi ya taɓa ƙarfe, fis ya tafi nan take. Namu Ski-Doo ne mai batir, mun jona a layin da ke mutuwa in an kashe inji, saboda kada a manta hula a jone batir ya kwana yana zuba.

Baban Khadija, Winnipeg:

Allah ya saka muku da alheri. Na gwada yanzu a gareji, mita na nuna 13 da ɗoriya in na ba shi wuta. Salatif ya isa in naɗe wurin haɗin?

Ɗan Zariya, Thunder Bay:

A'a ɗan'uwa, salatif ba ya jure sanyin nan, yana bushewa ya warware, ga kuma girgizar inji. Yi masa dalma, ka rufe da robar nan da ke matsewa in an kara mata zafi. Bi da wayar nesa da salansa da bel, ka ɗaure ta, sannan ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe ka tabbatar ba ta miƙewa. Bar wa wadda ke zuwa hula isasshen tsawo da za ka iya tashi tsaye kana tuƙi. Kuma kada ka ɗaure filogin nan da komai, an yi shi ne ya fice da kansa in mutum ya faɗi, don kada wayar ta ja masa wuya.

In ka gama ka ga har yanzu gilashin na yin raɓa, duba robar da ke rufe hanci a cikin hular, ko ta zauna daidai tana tura numfashi ƙasa.