Yaushe ya kamata yaro ya zaɓi kimiyya?

Ranar Asabar bayan La'asar muna zaune a gidan Kawu a Tudun Wada, sai maganar ƙanwata ta taso, wadda ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare. Ga abin da na tsinta.

Kawu, da ya yi shekara 20 yana koyar da lissafi, ya ce lokacin yanzu ne, kafin ta shiga babbar sakandare. Wanda bai ɗauki fiziks da kemistiri a babbar sakandare ba, da wuya JAMB ta buɗe masa ƙofar kimiyya daga baya. Ya ce a duba littafin aikinta: in tana gogewa tana sake lissafi har ya fita daidai, to tana da haƙurin abin. Na duba kuwa, gefen shafukan duk sun yi baƙi da gogewa.

Maƙwabciyarmu mai aikin gwajin jini ba ta yarda da gaggawa ba, don ita sai da ta haihu biyu ta koma karatu. Ta ce a kai yarinyar ta ga ɗakin gwaji da idonta tukuna, kada a tura ta don kawai a kira ta likita. A nan na fi bin bayanta. In wurin da za a kai ta ne, akwai binciken noma a Samaru ƙarƙashin ABU, ga cibiyar binciken cutar sammore nan cikin Kaduna.

Maganar kuɗi kuwa ba ta yi tsawo ba: digirin kimiyya shekara 4, likitanci 6, ga KASU, jami'ar jihar Kaduna, kusa da gida.