Muhawara: Shin mai neman sauƙin damuwa zai ɗore a zaman natsuwa na kullum?

Malamin sakandare, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ra'ayin da nake so a auna mini. Zaman natsuwa na kullum, wato mutum ya keɓe 'yan mintoci ya zauna shiru yana lura da numfashinsa, yana dawo da hankalinsa duk sa'ad da ya kuɓuce, ba ya ɗorewa a hannun wanda damuwa kaɗai ta kawo shi. Da zarar barci ya dawo, ƙirji ya saki, dalilin zaman ya ƙare, sai a jingine shi kamar ragowar maganin zazzaɓi. Wanda zai shekara yana yi shi ne wanda niyyarsa ta wuce neman sauƙin kansa.

Ma'aikaciyar jinya, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ban gamsu ba. Tsarin da ya shigar da wannan zama cikin asibitoci Jon Kabat-Zinn ne ya kafa shi a 1979, a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, kuma waɗanda aka fara tura masa masu fama da ciwo mai daɗewa ne da matsananciyar damuwa. Mako 8 ake yi, ana kuma buƙatar kowa ya riƙa zaman kusan minti 45 a gida. Ba abin da ke zaunar da mai ciwon baya tsawon wannan lokaci in ba wahalar da yake son fita daga cikinta ba. Ita kuwa damuwa ba a warke ta sau ɗaya a huta, tana tafiya tana dawowa, saboda haka dalilin ma ba ya ƙarewa.

Malamin sakandare:
Hajiya, a cikin makonni 8 ɗin akwai mai koyarwa, akwai abokan zama, akwai kunyar a tambaye ka. Ni mako na tara nake tambaya.

Ɗalibin jami'a, Batagarawa:
Da izinin manya, ina ganin an ɗora wa niyya nauyin da ba nata ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 tsawon mako 12, kowa ya zaɓi aiki guda da zai riƙa yi kullum bayan wani abu sananne, kamar shan ruwa bayan karin kumallo. A sakamakon da aka buga a 2010, matsakaicin lokacin da aiki ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 suka ishe shi, wani kuma an ƙiyasta masa har 254, sannan tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da ke riƙe mutum ke nan: lokaci guda, wuri guda, da abin da ke tuna masa. Dalilin da ya kawo shi, ko wane iri ne, ba ya hana al'ada kafuwa.

Dattijo, Rafindaɗi:
Ɗana, abin da ka faɗa ba baƙo ba ne a garin nan. Masu lazimi na Tijjaniyya safe da yamma suke yi, istigfari 100, salati 100, hailala 100, kuma an ɗaure shi da lokutan salla, shi ya sa za ka ga mutum ya tsufa bai bari ba. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Amma ka duba abin da masu bincikenka suka auna. Sun auna yadda aiki ke kaiwa mutum ya yi shi ba tare da tunani ba, alhali abin da ake nema a wannan zama shi ne kada a yi komai ba da sani ba. Mun sha ganin mai jan carbi, yatsu na tafiya daidai, zuciya tana Babbar Kasuwa tana ciniki. Wannan ya ɗore, babu shakka, sai dai ban san abin da ya ɗore a kansa ba. A nan nake tare da Malam, domin al'ada tana iya kai mutum kan buzu, ba ta iya dawo masa da hankali idan ya zauna.

Ɗalibin jami'a:
Allah ya ƙara girma, Baba. Amma wanda bai zauna ba ai ba shi da hankalin da zai dawo da shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, maganarka ta dace da mai aikin safe. Mu da muke aikin dare wannan mako, na rana mako mai zuwa, ba mu da lokaci guda, wani lokacin asuba a tsaye take riskarmu a ɗakin haihuwa. Abokiyar aikina da na sani tana yin zaman, gajiya da faɗuwar gaba ne suke tuna mata, ba agogo ba. Malam, a ra'ayinka ita ce ya kamata ta fara dainawa, kuma har yau ba ta daina ba.

Malamin sakandare:
Hajiya, ki tambayar mana ita ko tana yin zaman a watan hutunta.