Lambar gwajina ta fi ta Baba, ke nan zan riga shi kamuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya fara tangaɗi yana da shekara 52, har wasu suka riƙa zargin ko shaye-shaye ya fara. Yanzu ko kofin ruwa sai an riƙe masa, maganarsa ma a jaye take fita. Likita ya ce SCA2 ce, cutar gado mai lalata ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Maimaicin CAG ɗinsa 37 ne. Na yi gwaji, nawa ya fito 41. Shekarata 30, lafiyata ƙalau, amma barci ya ƙaurace mini. Kuma in kai yarana biyu a gwada su?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi. CAG haruffa uku ne da ke maimaituwa a ƙwayar gado ATXN2. Yawancin mutane 22 gare su, cuta kuma daga 33 take farawa. Kowane maimaici yana ƙara sinadarin glutamin guda a furotin ɗin da ƙwayar gadon ke samarwa, in ya yi tsawo sai ya riƙa cutar da ƙwayoyin da ke daidaita motsi. Ba zan ɓoye maka ba, galibi mai lamba babba ya fi saurin fara ganin alamun cutar, kuma lambar ta fi ƙaruwa idan ta wajen uba aka gada. Amma ba ta faɗin shekara. Mutum biyu masu 41 za su iya yin tazarar shekara goma ko fiye.

Wani mai SCA3, wani nau'in cutar:
Malam, kada ka kwatanta lambarka da ta wani nau'in, ni nan na fara ruɗewa. Namu sai wajen 60 zuwa sama, masu SCA6 kuwa 20 da 'yan kai ya isa. A naku, jinkirin juya ido na cikin alamun farko. Ka samu likitan jijiyoyi ya riƙa duba ka.

Wata uwa:
Maganar yara dai ka dakata. Kowannensu rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba, kuma babu maganin da za a fara musu yanzu. Masu ba da shawara kan gado ma sukan ce a bari su girma su zaɓa da kansu. Baba kuma a dage masa da atisayen motsa jiki da na magana, a kawar da duk abin tuntuɓe a ɗakinsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zancen idon nan ya tuna mini, tun kafin tangaɗin Baba sai ya juya kai gaba ɗaya in zai kalli gefe.